Gudumar Mista Tollefson

Mu mutanen Sandvik muna da wani ciwo, kuma gadonsa muka yi: ba ma iya gaya wa mutum magana a fuskarsa. In rufin gidanka ya kama wuta, maƙwabcinka zai zo ya tsaya a bakin shinge, ya tambayi lafiyar iyali, ya yi maganar ruwan sama, sannan ya ce kamar dai yana jin ƙauri-ƙauri, ko da yake wataƙila hancinsa ne. Saboda haka kada wanda ya yi mamaki in na ce ranar Talatar da Marlys Rustad ta je ɗaukar Mista Arvid Tollefson zuwa taron kwamitin Zauren Kiɗa, da maganar sauke shi daga shugabanci a bakinta ta fita, amma da ya shigo mota sai ta tambaye shi ko ya ci abincin rana.

"Na ci," in ji shi. "Matar nan da ɗana ya ɗauko mini ta dafa wani abu, ta ce wai kaza ce. Na ƙyale ta, ba na gardama da mai riƙe da wuƙa. Ja mu tafi, yarinya. Kuma kada ki bi ta bayan coci, har yau ba su cike ramukan nan ba."

Yarinyar da ake faɗa ta ba sittin baya, tana da jikoki, ga gwiwar da ke sanar da ita zuwan sanyi tun kafin rediyo ya faɗa. Amma a wajen Mista Tollefson yarinya ce, ita ma kuma ba ta taɓa iya kiran sunansa gatsau ba. Ya taɓa ce mata ta riƙa ce masa Arvid kamar yadda sa'o'insa ke yi. Ta gwada sau ɗaya, ta ji kamar ta zagi ubanta, ta koma Mista Tollefson ɗinta. Tun da likita ya hana shi tuƙi, ita ke ɗaukarsa duk ranar taro, ta kai shi, ta mayar da shi. Abin da ke cin ranta yau ke nan. Kujerar shugabancin ba ta dame ta ba, wannan ta san dole ya sauka. Tsoronta kada mutumin da ya yi mata abin da uban da ya haife ta ya kasa ya fita daga motar nan da yamma, daga nan kuma ko gaisuwarta ya daina amsawa.

Suka gangaro ta babban titi. Tsohuwar masana'antar gwangwani na nan a hannun hagu, tagoginta a toshe da katako, tantabaru sun gaje ta. Allah sarki. Da can in watan Agusta ya kama, manyan motocin masara jere suke har bakin gada, garin duk ƙamshin dafaffiyar masara, ƙamshin da ke bin mutum har matashin kansa. Babu gidan da bai ci daga nan ba. Uwayenmu na tsintar koren wake, 'yan makaranta na lodi lokacin hutu, in jiniyar tashi ta yi kuka karnukan garin kaf su amsa mata. Mista Tollefson ya gaji wurin daga ubansa, ya ninka shi, da ya ga arzikin ya fi ƙarfin cikinsa sai ya juyo kanmu.

Na ce ya juyo kanmu, don kyautarsa ba irin wadda za ka karɓa ka yi godiya ka koma ka miƙe ƙafa ba ce. Bai taɓa ba da abu cikakke ba. Zai ce ga rabi, ku nemo rabi. Sai ka ga matan coci sun duƙufa toya kek na sayarwa, manoma sun ba da maruƙa a yi gwanjo, yara na tsince duwatsu a gonakin mutane ana biyansu. Muna yi muna zaginsa a ciki. In gini ya tashi kuma, kowa ya kawo baƙonsa ya nuna masa ya ce mu muka gina.

Laburaren garin da can a wani ɗaki yake ƙarƙashin ofishin 'yan kwana-kwana, ba taga, ba abin ɗumama ɗaki. Shekarar da ya zama magajin gari ya kawo maganar gina sabo, 'yan majalisa suka ce a duba, wanda a bakinmu yana nufin har abada. Bai ja da su ba. Sai kawai ya mayar da zaman majalisa can ƙasa, a tsakiyar Janairu, ya ce ɗakin da ya ishi 'ya'yansu karatu ai ya ishe su zama. Ba a yi zama da yawa ba suka amince, kowa hanci na yoyo.

Bayan laburare ya gina Zauren Kiɗa, ya sa makarantar Asabar a samansa, kyauta ga duk yaron da ya zo, a ba shi aron goge ko sarewa ko ƙaho ya tafi gida ya hana iyayensa sakat. Abin dariyar shi ne, Mista Tollefson kunnensa bai san kiɗa ba. Wallahi ko taken ƙasa aka sa, sai ya ga mutane sun miƙe yake gane shi ne. Yakan tafa inda ba a tafi, har matarsa Signe, wadda ita ce gwanar piyano, ta riƙa danne masa hannu a cinya. In an tsokane shi sai ya ce, "Ni ba ji nake zuwa yi ba. Ku saurari kiɗanku, ku bar ni da fuskokin yaran."

A waccan makarantar ta Asabar Signe ta gano Marlys, 'yar mai shanun madara, hannu duk kanta saboda tatsa. Da ta gama sakandare Signe ta ce yarinyar nan sai jami'a, babanta ya ce ba a tatsar saniya da piyano. Sai ga Mista Tollefson a garke da sassafe, da takalmansa na zuwa coci, ya taka kashin shanu har inda babanta ke duƙe. Mista Tollefson kaɗai ne a garin nan ciwonmu bai kama ba. Ya ce, "Einar, kai matsoraci ne. Tsoro kake ta tafi ta ƙi dawowa. Ni zan ɗauki karatun, kai ka ɗauki cinta da suturarta." Marlys na bayan wata saniya tana ji. Baban bai ɗago ba, ya ci gaba da tatsarsa, can ya ce, "To, ba laifi." Ta tafi, ta dawo, ta koyar da kiɗa har ta yi ritaya, kuma rabin masu tafiya a titin nan ta taɓa ƙwanƙwasa musu yatsu da fensir.

"Me ya sa kike tafiya kamar mai ɗauke da gawa?" in ji Mista Tollefson. "Taka mana. Ban taɓa makara a taro ba, ba zan fara a hannunki ba."

Ta ƙara mai. Jin yadda yake magana garau sai ka rantse lafiyarsa lau, kuma yawancin lokaci haka ne. Amma a bikin kiɗan yara na bazarar da ta wuce wani abu ya faru a gaban gari duka. Ya hau dandamali kamar kullum ya yi jawabin maraba, jawabi mai kyau, aka tafa. Ya gyara tabarau, ya sake farawa daga "Barkanku da zuwa." Aka sake tafawa, don mu ne. Sannan ya juya wajen labule ya ce yanzu matarsa Signe za ta fito ta buɗe da piyano. Signe ta shekara goma a maƙabarta. Zaure ya yi tsit, tsoho na tsaye da hannu a miƙe yana jiran ta fito, sai wasu yara a layin gaba suka ƙyalƙyale da dariya. Ba laifinsu ba ne, su dai sun ga tsoho yana kiran labule. Marlys ce ta yi maza ta fito ta zauna a piyano ta buga abin da ya zo hannunta. Tana bugawa tana rantsuwa a ranta ba za a sake yi wa mutumin nan dariya a zauren da ya gina ba.

To, ya za a yi? Kwamiti ya haɗu a ɓoye, aka fito da dabara irin tamu: a shirya masa liyafar girmamawa, ai shi ma zai gane. Aka cika tebura da taliya da nama gashin tanda, da lallausan burodin dankali mai man shanu da sukari, da kofi tulu-tulu. Fasto ya yi doguwar huɗuba a kan daɗin hutu bayan aiki. Aka kawo kyauta, kujera mai lilo, har da ƙyalle a ɗaure. Mista Tollefson ya zauna ya gwada ta, ya miƙe da ƙwalla a idonsa, ya ce da har ya fara tunanin sauka, amma tun da ya ga irin ƙaunar da ake masa, zai ci gaba har inda ƙarfinsa ya ƙare. Aka tafa.

Yanzu ga bikin kaka ya matso, kuma shugaba ne ke jawabi. Shi ya sa ranar Lahadi bayan sujada, a ɗakin ƙasan coci inda ake shan kofi, Marlys ta tare Duane Skogen mai kantin kayan gini, wanda shi ne mataimakin shugaba, da Lorraine Moe sakatariya. Ta ce tun da kowa ya noƙe, ita za ta kawo ƙudurin a taro, abin da take so a mara mata baya kawai. Duane ya bugi ƙirji har kofinsa ya zuba. "Ke dai faɗa, Marlys. Kafin ki rufe baki na mara miki." Lorraine ta ce ita ma haka, ai abin ya isa.

Fitilar hanya ɗaya gare mu a garin, kuma ranar Talatar nan ta tsayar da Marlys da Mista Tollefson a mota. Marlys ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Ta san in akwai lokacin faɗa masa, yanzu ne, daga ita sai shi.

"Mista Tollefson."

"Na'am."

"Bana ganye ya yi ja da wuri."

Ya leƙa ta taga. "Ya yi," in ji shi. Fitila ta ba su hanya.

Ɗakin taron na saman zaure, kusa da ajin Asabar, kuma ƙamshinsa bai taɓa canjawa ba: tsohon katako, man goge ƙaho, da kofin da ya daɗe a kan wuta. Su Duane sun riga su, da Fasto, da wasu mutum biyu da ba sa buɗe baki sai in maganar wanda zai kawo kek ta taso. Kek ɗin yau Lorraine ta kawo, an cinye saura yanka ɗaya, kuma tun da ba mai yarda a ce shi ya ɗauki na ƙarshe, an raba shi biyu, an sake raba rabin, har ya koma kamar abin da za a ba tsuntsu. Duane ya gaida Marlys ba tare da ya haɗa ido da ita ba. Ta ja kujera ta zauna.

Mista Tollefson ya zauna a kujerar shugaba, ya ɗauki 'yar gudumarsa ta katako ya buga. Shi ya koya mana yadda ake taro, tun lokacin da taronmu hayaniya ne da ƙunƙuni. A ɗakin nan babu yarinya, babu Duane, kowa da Mista ko Misis ɗinsa, kuma ba mai magana sai shugaba ya ba shi dama. Kuma kamar da gayya, ranar tsohon ya yi kyau. Ya kama Lorraine da kuskure a rahoton taron baya. Ya tuna sunan mai gyaran bututun ruwa da kowa ya manta. Ya tambayi Fasto ko huɗubar wannan makon za ta ƙare kafin dusar ƙanƙara ta sauko, aka yi dariya. Marlys na zaune tana jin kamar ta bar maganar sai wani watan. Sai ta tuna hannun nan a miƙe yana jiran labule. Da aka zo kan sababbin batutuwa ta ɗaga hannu.

"Misis Rustad na da magana," in ji Mista Tollefson.

Ta miƙe, gwiwar ta yi ƙara. "Shugaba, ina gabatar da ƙuduri. Kwamiti ya gode wa Mista Tollefson bisa duk abin da ya yi wa garin nan, ya sauke masa nauyin shugabanci daga yau, a zaɓi wani."

Ya dube ta ta saman tabarau. Ya daɗe yana dubanta, ba fushi a fuskarsa, sai mamaki, irin na wanda karen gidansa ya ciza. Sannan ya gyara murya.

"An ji ƙuduri. Akwai mai mara masa baya?"

A dokar taro, ƙudurin da mutum ɗaya ya kawo ba a ko tattauna shi sai na biyu ya ce ya mara baya. In ba a samu ba, ya mutu a nan. Duane Skogen, mai bugun ƙirji, ya sunkuya yana leƙa cikin kofinsa kamar an ce masa zoben matarsa ya faɗa ciki. Lorraine ta shiga gyaran murfin biro. Fasto ya ciro hankici ya fyace hancin da ba komai a cikinsa.

"Akwai mai mara baya?"

Tsit. Daga ƙasa kana jin wani yaro yana gwada ƙaho, yana kuskure wuri ɗaya yana sakewa.

"Na tambaya na ƙarshe." Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Babu. Ƙuduri ya mutu." Ya buga guduma. "Zauna, Misis Rustad."

Ta zauna. Takaici ya ishe ta, ta rasa wanda za ta fi jin haushi, Duane ko kanta. Ta soki mutumin a gaban jama'a, kuma a banza: shugabancin na nan a hannunsa, bikin kaka na nan tafe, ita ce kawai ta yi asararsa.

Ya ci gaba da taro kamar ba a yi komai ba, sai dai muryarsa ta ɗan yi sama. Aka shiga shirin bikin, wa zai jera kujeru, wa zai tsaya a ƙofa. Yana cikin magana sai ya tsaya. Ya dubi takardar gabansa, ya dubi agogon bango, ya juya wajen Duane.

"Skogen, motocin masara sun gama shigowa? Ka ce wa mutanen tukunya kada su kashe wuta, yau sai mun ƙara lokaci."

Uban Duane ne ya yi masa shugaban ma'aikata a masana'anta, kuma ya daɗe da rasuwa. Duane ya yi wani murmushi mai laushi, irin wanda ake yi wa jariri. "To, Mista Tollefson. Sun shigo. Ba laifi, zan gaya musu." Lorraine ta gyaɗa kai. Fasto ma ya gyaɗa. Kai, mutanenmu! Da za a bar su, da sun zauna nan har yamma suna loda masarar da babu.

Marlys ba ta ɗaga hannu ba, ba ta jira an ba ta dama ba. Ai ba abin da ya rage mata da za ta rasa.

"Mista Tollefson, an rufe masana'anta tuntuni. Wannan Duane ne, ba babansa ba. Muna saman Zauren Kiɗa, taron kwamiti muke."

Ya juyo kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya dubi Duane da kyau. Ya dubi allon ajin Asabar ta ƙofar da ke buɗe, ya dubi gudumar da ke hannunsa. Kana ganin lokacin da ya dawo, kuma wallahi dawowar ta fi tafiyar ban tausayi.

"Na taɓa yin irin wannan a gaban mutane?" ya tambaya a hankali.

Ba wanda ya tanka sai ita. "A bikin bazara. Ka yi jawabi sau biyu. Ka kira Signe ta fito ta yi kiɗa."

"Signe. Yaran sun gani?"

"Sun gani."

"Sun yi dariya?"

"Sun yi."

"Ku kuma kuka saya mini kujera mai lilo."

Ya cire tabarau ya goge da gefen kwat, ya mayar. Sannan ya dafa tebur ya miƙe, ya tura gudumar gaban Duane. "Riƙe wannan, Mista Skogen. Bakinka ya mutu, amma ina zaton hannunka na aiki. Shugaba ba ya mara wa ƙuduri baya yana kan kujera, shekara nawa ina koya muku." Ya zagayo yana dafa bayan kujeru, ya ja wata a gefe kusa da taga ya zauna. "Misis Rustad, maimaita abin da kika ce. Da ƙarfi, yadda za a rubuta."

Ta maimaita. Duane, da guduma a hannu kamar an ba shi riƙon jaririn wani, ya tambaya ko akwai mai mara baya.

"Na mara," in ji Mista Tollefson.

Aka zo ɗaga hannu, nasa ne ya fara tashi. Sauran suka biyo a sanyaye. "Ɗaga sosai, Fasto," in ji shi, "ba hamma za ka rufe ba." Ba wanda ya yi dariya. Duane ya buga gudumar a hankali, sai da tsohon ya harare shi ya sake bugawa yadda ya kamata. Da aka tashi kowa ya taso zai yi masa jawabin godiya, ya ɗaga musu hannu ya ce an riga an yi wannan da taliya, ya ɗauki hularsa.

Suka shiga mota. Rana ta yi ƙasa, tana dukan gilashi, Marlys ta sauke abin tare rana a gefensa, bai ko duba ba. Suka wuce laburare, yara na fitowa da jakunkuna. Ita dai tana tuƙi tana jiran hukunci. Da ta tsaya a ƙofar gidansa ta kashe mota, bai taɓa ƙofa ba.

"Tun yaushe kika shirya wannan?"

"Tun bikin bazara nake tunani. Ranar Lahadi na yanke."

"Kika ɗauko ni a motarki da shi a cikinki." Ya girgiza kai. "Ƙudurin daidai ne, Marlys, ban ji haushinsa ba. Abin da ya ƙona mini rai, a gaban Duane Skogen na ji. Daga bakinki. Da Lorraine ce ko Fasto, ko a jikina, su haka Allah ya yi su. Amma ke?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Tsoro na ji."

"Tsoron me? In cije ki? Haƙoran ma ba nawa ba ne."

"Kada ka daina yi mini magana."

"Ai kuwa na yi niyya. Tun daga matakalar zaure nake shirya yadda zan daina kula ki, har na tsara yadda zan kau da kai in mun haɗu a coci." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Matsalar, gobe ba lallai in tuna ina fushi da ke ba. Kin ga ko gaba ba zan iya riƙewa ba yanzu."

Ta buɗe baki za ta ce haba, ai bai kai haka ba. Ya ɗaga yatsa, ta haɗiye.

"Saurara, tun ina nan. Watan gobe ranar taro za ta zo, ni kuma zan tashi in shirya in jira ki. Na sani, kamar yadda na san sunana. Matar nan za ta ce mini an ɗage taro. Ɗana zai bugo waya ya ce motarki ce ta lalace. Kowa zai yi mini ƙarya saboda ƙauna, har in mutu ina zaton ni ne shugaba. Ba na so. Ke za ki zo. Ki zauna ki gaya mini na sauka, ki gaya mini dalili, ki gaya mini ni da bakina na mara baya. In na yi miki ihu, ki jure. In na sake mantawa, ki sake faɗa."

"Mista Tollefson, kullum zai yi maka zafi kamar yau."

"To ya yi mana. Ai nawa ne."

Ta gyaɗa kai.

"Ba na karɓar gyaɗa kai. Faɗi."

"Zan zo," in ji ta. "Zan faɗa maka. Duk lokacin da ka manta."

Ta fito ta zagayo ta buɗe masa, ta ba shi hannu. Suka hau matakalar gidan a hankali, shi da ƙafafunsa, ita da gwiwarta. A bakin ƙofa bai ce ta shigo ta sha kofi ba, kuma duk ɗan Sandvik ya san abin da wannan ke nufi: bai huce ba tukuna. Amma ya riƙe hannunta ya daɗe bai saki ba, har matar da ke kula da shi ta buɗe ƙofa ta karɓe shi. Marlys ta koma mota ta zauna, ta yi kukanta ya ishe ta, sannan ta tayar ta tafi gida.